Kafin ɗanka ya kawo mesa gida, ba shi ma'aunin zafi

Ranar da ƙanwata ta kira ni a salula muryarta na rawa, na ɗauka rasuwa aka yi. Ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba, ta ce, "Yaya, don Allah zo ka ga abin da ɗanka ya shigo mini da shi gida." Watan Maris ne na 2022, a nan Maraɗi, lokacin da manyan motoci ke ta kai da kawo tsakaninmu da tashar jiragen ruwa ta Kwatano, kafin a rufe iyaka a 2023. Ƙanen mijinta direban kamyo ne, shi ya sayo wa yaron tsaraba daga kudancin Benin: ƴar mesa, wadda tsawonta bai wuce santimita 70 ba.

Yaron shekararsa 14 a lokacin, yana aji na uku a koleji. Ya daɗe yana kallon bidiyon masu kiwon macizai na Turai da Amurka a TikTok da YouTube, ya haddace komai kamar karatun jarrabawa. Ni kuma malamin kimiyyar halittu ne, darasin da muke kira SVT a lakwal, don haka duk wani abu mai jan ciki ko mai fiffike da ya shigo danginmu, ni ake nema.

Na tarar da ita cikin akwatin gilashi irin na kifi, an zuba yashi a ƙasa, an rufe sama da ragar waya, an rataya ampul mai wat 100 a kai yana ci. Ɗakin rufin kwano ne, ga shi ƙarfe uku na rana. Mesar ta naɗe cikin kwanon ruwa, hancinta kaɗai ke waje. Yaron ya ce da ni cikin alfahari, "Kawu, ka ga yadda take son wanka?" Ban tanka masa ba. Na koma gida na ɗauko ma'aunin zafin da nake koyarwa da shi, na ajiye a kan yashin. Bayan minti goma ya nuna digiri 44. Ashe baiwar Allah neman tsira take yi.

Wata goma mesar nan ta yi a hannunmu kafin ta mutu. Labarinta nake son in ba iyaye da ƴan uwana malamai, domin salula ta shiga hannun yara, kuma abin da yaro ya gani a cikinta yau, gobe sai ya nemi ya yi shi a tsakar gida. Matsayina a taƙaice shi ne, duk wanda ya rufe dabba irin wannan cikin akwati ya ɗauki alhakin zafinta da sanyinta da laimar iskar da take shaƙa, dare da rana, rani da damina. Wannan alhaki da lamba ake auna shi, kuma a yawancin gidajenmu na nan, abin da lambar ke cewa shi ne kada a fara.

Dabbar da ba ta da ɗumin kanta

Ni da kai jikinmu yana riƙe zafinsa a wajen digiri 37, ko ana hunturu ko ana bazara. Abincin da muke ci shi ke ba mu ɗumi daga ciki, in zafi ya yi yawa gumi ya sanyaya mu. Maciji ba a yi masa wannan baiwa ba. Zafin jikinsa shi ne zafin wurin da yake kwance. Kowane yaro ya san ƙadangare: da hantsi yana kan katanga yana shan rana, da tsakar rana ya shige inuwa ko tsagar bango, da la'asar ya sake fitowa. Aikin da gumi da rawar ɗari ke yi mana, shi da ƙafafunsa yake yin sa. Haka mesa take. In ta ji zafi ta matsa, in ta ji sanyi ta matsa. Ranar da ka sa ta cikin akwati ka ƙwace mata wannan matsawa, daga nan kuma kai ne ranarta, kai ne inuwarta.

Irin mesar da aka kawo wa yaronmu ita ce wadda masana ke kira Python regius. Ba ta da dafi, tsawonta in ta girma bai cika wuce mita ɗaya da rabi ba, kuma in ta tsorata sai ta dunƙule kamar ƙwallo ta ɓoye kanta a tsakiya. Saboda sanyin halinta ta zama ɗaya daga cikin macizan da aka fi kiwo a gidajen Turai da Amurka, kuma daga Gana da Togo da Benin aka fi fitar da ita. A hannun wanda ya iya, tana yin shekara 20 zuwa 30.

A daji, yawancin yininta a ƙarƙashin ƙasa take yin sa, cikin ramin ɓera ko na gafiya, ko cikin tsohon suri, sai magariba ta fito farauta. Wannan shi ne sirrinta. In ka haƙa rami zurfin rabin mita, bambancin zafin rana da sanyin dare kusan ɓacewa yake yi a can, kuma iskar ciki tana riƙe laima ko da waje ya bushe ƙarau. Don haka masu cewa "ai ƴar Afirka ce, zafinmu zafinta ne" sun yi kuskure sau biyu. Na farko, ba a filin rana take zaune ba. Na biyu, Kwatano tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,300 a shekara, Maraɗi kuwa wajen 500. Nahiyar ɗaya ce, iskar ba ɗaya ba ce.

Lambobin da ake nema

Abin da masu kiwon wannan dabba suka daidaita a kai ba ɓoyayye ba ne. Akwatin ya kasu biyu. Gefe ɗaya mai ɗumi, digiri 31 zuwa 33, inda za ta kwanta ta narkar da abinci. Ɗaya gefen mai sanyi, digiri 25 zuwa 27, inda za ta gudu in ɗumin ya ishe ta. Da dare kada ya sauka ƙasa da 23 ko 24. Kada wani sashe na akwatin ya wuce 35, domin zafi mai tsanani yana taɓa ƙwaƙwalwar maciji da jijiyoyinsa, yana kuma kashe shi cikin sa'o'i kaɗan in ba shi da wurin gudu. Kowane gefe da maɓoyarsa, don kada tsoro ya tilasta mata zama inda bai dace da jikinta ba.

Laimar iska kuma ta tsaya a kashi 55 zuwa 65 cikin 100, a ɗaga ta zuwa 70 ko 80 lokacin saɓa. Alamar saɓa a bayyane take: launin jikin ya dushe, idanun su yi shuɗi-shuɗi kamar an shafa musu madara. Maciji ba shi da fatar ido da yake rufewa, wani siririn ɓawo ne mai kama da gilashi ke rufe idon, kuma tare da saɓar yake fita. In iska ta bushe, saɓar ta kan fita gutsi-gutsi, ɓawon idon ya maƙale, wani zoben tsohuwar fata ya ɗaure bakin wutsiya har ya hana jini gudu. In kuma aka jiƙa shimfiɗar ta yi caɓa-caɓa, fatar cikinta ta fara ruɓewa. Laima ake so a cikin iska, wurin kwanciya kuwa ya kasance mai ɗan danshi kawai.

Ana bukatar ma'aunin zafi biyu, ɗaya a kowane gefe, a ajiye su ƙasa inda cikin dabbar ke taɓawa, da ma'aunin laima ɗaya. Duk abin da ke ba da ɗumi, ampul ne ko tabarmar ɗumi ta lantarki, sai an haɗa shi da na'urar da ke kashe wuta da kanta in zafi ya kai iyaka. In babu ita, maciji yana iya kwanciya a kan abu mai zafi har fatarsa ta ƙone bai tashi ba.

To, mai karatu, ɗora waɗannan lambobi a kan garinku. A Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, a watannin Afrilu da Mayu zafin rana yana wuce digiri 40 a inuwa, ɗakin kwano kuma ya fi haka. A Disamba da Janairu, da asuba yana sauka wajen 13 zuwa 16. Daga shigowar hunturu har zuwa bazara, laimar iska takan faɗi ƙasa da kashi 20. In ka cire watannin damina, kusan duk shekara yanayinmu yana wajen abin da dabbar nan ke iya ɗauka, wani lokaci ta sama, wani lokaci ta ƙasa.

Kayan aro ba ya rufe katara

Yaronmu bai yi sakaci ba, biyayya ya yi. Abin da ya gani a bidiyo shi ya aikata dalla-dalla. Abin da ba wanda ya gaya masa shi ne, mai bidiyon yana zaune ne a ƙasar da ɗakinsa ke kan digiri 20, wutarsa ba ta ɗaukewa, matsalarsa kullum ita ce yadda zai ƙara ɗumi. Shawararsa daidai ce a Faransa ko Jamus. A ɗakin kwano na Maraɗi cikin watan Maris, kisa ce.

Ampul ɗin kuma ɓarna biyu yake yi, kuma wannan darasi ne da ke cikin manhajarmu. Iska mai zafi ta fi mai sanyi iya ɗaukar tururin ruwa. Mita ɗaya mai fuska shida ta iska, wato tsawo da faɗi da tsayi duk mita guda, tana iya ɗaukar kimanin giram 17 na ruwa a digiri 20, giram 30 a digiri 30, giram 51 a digiri 40. Ɗauka a ce giram 10 ne a cikinta. A digiri 20 laimarta ta kusa kashi 60, a digiri 30 ta koma 33, a digiri 40 ta faɗi zuwa 20, alhali ko ɗigo ba a cire ba. Wato duk lokacin da ka ɗumama akwati, busar da shi kake yi, ragar da ke sama kuma tana barin ɗan danshin da ya rage ya tashi.

Abin da muka yi, da inda ya tsaya

A ranar muka kashe ampul. Muka kai ta tsohon ɗakin ƙasa na kakar yaron, mai kaurin bango da rufin azara. Muka bar gilashi da yashi, muka koma akwatin roba mai murfi da ƙananan huji a gefe, muka shimfiɗa saƙar ɓawon kwakwa. Muka kifa ƙananan tukwanen ƙasa biyu da aka fasa musu ƙofa, ɗaya a busasshen gefe, ɗaya a kan shimfiɗa mai danshi. Rabin akwatin muka lulluɓe da jiƙaƙƙen buhun algarara.

Dabarar ba tawa ba ce, ta randa ce. Ruwan da ke tsatsafowa ta jikin tukunyar ƙasa, in ya bushe da zafi yake tafiya, shi ya sa ruwan randa ke sanyi. Da ita Mohammed Bah Abba, malamin da ya koyar a Dutse ta Jihar Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya don adana kayan lambu ba tare da lantarki ba, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. A wurinmu dabarar ta yi aiki biyu, ta rage zafi, ta ƙara laima. Cikin Afrilu muka riƙe akwatin a 31 zuwa 33 da tsakar rana. Gefen sanyi na gaske dai bai samu ba. Kuma sau uku a yini yaron ke jiƙa buhun, har da gudowa gida lokacin hutun tsakar rana.

Da damina ta sauka komai ya yi sauƙi. Mesar ta fara cin ɓera, ta yi saɓa guda cikakkiya tun daga hanci har wutsiya. Yaron ya kawo mini saɓar lakwal, na nuna wa ɗalibaina, na ji daɗi har cikin raina. Muka ɗauka mun ci nasara.

Hunturu ne ya nuna mana iyakarmu. Cikin Nuwamba iska ta juya, ma'aunin laima na ɗakin ya sauka ƙasa da 20, buhun da ke kai wa azahar da danshi ya koma bushewa kafin hantsi ya ɗaga. Yanzu kuma jiƙa buhun sanyi yake ƙarawa, alhali ɗumi muke nema. Saɓar Disamba ta fita gutsi-gutsi, ɓawon ido ɗaya ya maƙale. Da asuba ɗakin yana sauka 18. Muka maido da ƙaramin ampul a gefe ɗaya, ba mu da na'urar kashe wuta, sai mu da ido. Daren da wuta ta ɗauke, yaron ya kan cika gorar roba da ruwan zafi ya naɗe da tsumma ya jingina da akwatin, kafin ƙarfe uku na dare ta huce.

Maciji da ɗumi yake narkar da abinci. In ya ci sanyi ya kama shi, abincin ruɓewa yake yi a cikinsa. Kwana uku bayan ta ci wani ɓera, ta amayar da shi. Daga nan numfashinta ya fara ƙara kamar fito, kumfa na fitowa ta baki, tana ɗaga kai sama bakinta a buɗe. Ciwon huhu ke nan, wanda sanyi da bushewar iska ke buɗe wa ƙofa. Likitan dabbobin da muka je wurinsa mutumin kirki ne, ya san shanu da tumaki da kaji kamar yunwar cikinsa, kuma ya gaya mana gaskiya cewa bai taɓa duba maciji ba. A ƙarshen Janairu na 2023 yaron ya zo gidana bayan sallar asuba, bai ma shigo ba, ya tsaya a zaure ya ce, "Kawu, ta mutu. Ni na kashe ta?"

Na ce masa a'a, kuma gaskiya na faɗa. Ni ne babba, ni na san lambobin. Tun ranar farko ya kamata in ce wa mahaifinsa a nemi ma'aikatan gandun daji a miƙa musu ita. Kwaɗayin samun dabba mai rai da zan riƙa nuna wa ɗalibai shi ya rufe mini ido, na kira abin koyarwa.

Masu ja da ni

Na yi wannan magana da abokan aiki a ɗakin malamai, kuma na ji amsoshi uku.

Wani ya ce, "Mushe, gardawa tun kaka da kakanni suke yawo da macizai cikin ƙwarya da akwati, wa ya taɓa ganin su da ma'auni?" Gaskiya ne. Amma mu rayayyen muke gani ranar kasuwa. Wanda ya mutu cikin ƙwarya ba a fito da shi wasa, wani ake kamowa. Kuma maciji dabba ce mai jinkirin mutuwa, yana iya yin watanni ba ci, ba ya kuka, ba ya kururuwa. Shirunsa ba shaidar lafiyarsa ba ce.

Wata malama ta ce, "A ƙasar da yara ke karatu cikin rumfar kara, kai ta maciji kake yi?" Na karɓi wannan zargi da hannu biyu, domin akwai gaskiya a cikinsa. Amma damuwata a kan yaron take. Karon farko ke nan da aka ba shi iko a kan wani rai, kuma abin da zai koya a nan shi zai tafi da shi: ko dai rai amana ce da ake lissafi a kanta, ko kuwa abin wasa ne da ake sauyawa in ya lalace. Dukkanmu mun san hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. A wurin maciji, ɗumi da laima suna cikin ci da sha, tunda in babu su abincin ma ba ya narkewa. Ban da haka, lissafin bai tsaya ga mesa ba. Ƴan tsakin da yaranmu ke saye suna bukatar digiri 32 zuwa 35 a makonsu na farko, a riƙa ragewa sannu a hankali. Zomo yana fara galabaita da zarar zafi ya wuce 30. Nawa ne suka mutu a gidajenmu cikin kejin kwano, muka ce annoba ce?

Na uku ya ce, "To ka hana kawai mana, me ya kawo dogon bayani?" Hani ba tare da hujja ba yana da tasa illar. Yaron da aka ce masa a'a kawai, ɓoyewa zai yi, ko ya tafi daji ya kamo da kansa. Nan hatsarin ya fi girma. Yaro ba zai bambance ƴar wannan mesa da ƴar babbar mesar dajinmu ba, wadda ke wuce mita huɗu in ta girma. Mafi muni, yana iya kai hannu ga kububuwa, wadda ke cikin macizan da suka fi kashe mutane a yankinmu na Afirka ta Yamma. Ba a banza Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a 2017 ba. Yaron da ya fahimci dalili ya fi wanda aka tsawata wa kawai tsaro.

Akwai kuma doka. Wannan mesa tana cikin jeri na biyu na yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, wadda Nijar ta shiga tun 1975, don haka ketare iyaka da ita sai da takardar izini daga ƙasar da ta fito. A gida kuma muna da doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998, wadda ta tsara farauta da kare namun daji. Tsarabar direba ba ta zo da ko takarda ɗaya ba. A 2021 ƙungiyar IUCN ta sa wannan dabba cikin waɗanda ke dab da shiga barazana, saboda yawan kamun da ake yi mata. Kowace guda da ta mutu cikin akwati a Maraɗi, an rage mai cin ɓera ɗaya a gonar wani manomi a can kudu.

Abin da nake roƙo

Ga iyaye: in yaro ya zo da maganar kiwon mesa, ko wata dabba mai jan ciki kamar kunkuru ko hawainiya, kada ku yi saurin cewa to, kada kuma ku yi saurin cewa a'a. Ku saya masa ƴar na'urar nan mai nuna zafi da laima tare, wadda na saya ba ta kai jika biyar ba, ku haɗa masa da kaye da bik. Ya shirya akwatin yadda yake so, ba dabba a ciki, ya riƙa rubuta lambobin sau uku a yini: da asuba, da ƙarfe uku na rana, da bayan isha. Ya yi wata ɗaya cikin bazara, ya yi wata ɗaya cikin hunturu. In ya riƙe lambobin da na lissafa a sama ba fashi, har da daren da wuta ta ɗauke, har da makon jarrabawa, sai a zauna a yi maganar izini, da inda abincinta zai fito, da wanda zai duba ta in ta yi ciwo, da wanda zai riƙe ta nan da shekara 20 lokacin da shi ya yi iyali. In ya kasa, kayensa ne ya hana shi, kuma ba rai ko ɗaya da ya salwanta. Gidan da ke da yara ƴan ƙasa da shekara biyar kuwa, kada ma a fara, domin dabbobi masu jan ciki suna ɗauke da ƙwayar salmonela mai sa zawo da zazzaɓi.

In kuma dabbar ta riga ta shigo, abu na farko a auna. A fitar da ita daga ɗakin kwano, a nisanta ta da taga, domin rana in ta bugi akwatin gilashi ko na roba, cikin mintuna yake zama tanda. A kashe duk ampul ɗin da ba a auna zafinsa ba. A ajiye mata ruwa mai tsabta kullum. Sannan a nemi ma'aikatan gandun daji. Kada a sake ta a bayan gari, domin rani zai kashe ta ko mutane su riga shi.

Ga ƴan uwana malamai: darasin da na so in koyar da mesa, ashe ana koyar da shi ba tare da ita ba, kuma ya fi kyau. Yanzu kowace shekara ina raba ɗalibaina rukuni huɗu. Rukuni ɗaya suna auna zafi cikin aji, ɗaya a ƙarƙashin bedi, ɗaya cikin rami mai zurfin rabin mita da muka rufe bakinsa da katako, ɗaya cikin tukunyar da aka sa a cikin wata da jiƙaƙƙen yashi a tsakani. Mako biyu suna rubutawa, sannan su zana layukan a allo. Layin aji yana hawa yana sauka kamar tudu da kwari, na rami yana tafiya kusan a miƙe. Ban taɓa bukatar in gaya musu dalilin da ya sa mesa ke yini cikin suri ba, da kansu suke faɗa. Gani ya kori ji. Kuma ba shekarar da wata ɗaliba ko ɗalibi bai dubi layin ajinmu na ƙarfe uku na rana cikin Afrilu ya tambaye ni, "Mushe, mu fa?" ba. Tambaya ce da ta cancanci a kai ta taron iyayen yara, da lambobin a hannu.

Abin da na fi so ɗalibi ya fita da shi daga ajina shi ne wannan ɗabi'a: in ya ji shawara a salula, ya tambayi a wace ƙasa aka yi ta, don wane yanayi, sannan ya auna nasa kafin ya aikata. Za ta yi masa amfani a kan iri da taki da magani da ginin ɗaki, bayan ya daɗe da manta sunan Python regius.

Yaron ƙanwata yanzu tantabaru yake kiwo. Ma'aunin yana rataye cikin ɗakinsu, kuma bazarar da ta wuce shi da kansa ya cire musu rufin kwano ya sa zana, ba wanda ya sa shi. Saɓar nan ta damina tana nan cikin kwalba a kan teburina. Duk lokacin da na dube ta ina tuna cewa ma'aunin ya gaya mini gaskiya cikin minti goma, ni ne na yi wata goma ban saurare shi ba. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar duk abin da ke ƙarƙashin hannunmu.